Kundin aikin wutar rana da tankin ruwa a wani gidan baƙin mishan a Maradi

Litinin, 9 ga Janairu, 2023

Kwamitin mishan ya amince da kuɗin aikin a zamansa na ƙarshen shekara, kuma daga yau zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya rage, domin duk wanda ya karɓi gidan nan a bayana ya san dalilin kowace waya da kowane bututu. Aikin kashi biyu ne. Za a sa wutar rana wadda za ta ɗauki fitilu da fankoki da firji da injin tura ruwa, sannan a ɗora tanki a kan hasumiyar ƙarfe ta yadda ruwa zai riƙa saukowa da kansa ko da famfon gari ya ɗauke. Ana so a gama kafin Afrilu, watan da zafin Maradi ke haura digiri 40 kusan kullum.

Gidan yana da ɗakunan kwana shida da falo ɗaya da madafa, kuma masu sauka a cikinsa yawancinsu 'yan aikin sa kai ne daga Amurka da Kanada da Jamus da Suwizalan da Koriya ta Kudu, wani lokaci kuma daga Najeriya ko Ghana. Suna isowa da motar haya daga Yamai bayan tafiyar kilomita kusan 660 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni da Madawa, a gajiye, ƙura ta rufe su har gira. Wasu kwana biyu suke yi su wuce, wasu wata uku. Zuwan irin waɗannan baƙi tsohon abu ne a ƙasar nan, domin mishan ɗin SIM ya zauna a Damagaram tun 1924, ya buɗe Tsibiri a 1927, ya kafa asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. Namu mishan ɗin ƙarami ne kuma na baya-bayan nan, amma ma'aikatan lafiya da ɗaliban aikin gona na ƙungiyoyi dabam-dabam sukan kwana a wurinmu idan hanya ta biyo da su.

Litinin, 23 ga Janairu

Mun shafe makonnin nan muna bin ɗaki-ɗaki muna rubuta abin da kowa ke jonawa da wuta da tsawon lokacin da yake yi a jone, domin ba a sayen batir sai an san nauyin da zai ɗauka. Wannan lissafi ya nuna mana yinin baƙo daga farkonsa har ƙarshe. Da asuba, a wannan sanyi na hunturu, kowa yana son ruwan zafi, kuma butar lantarki ɗaya tana jan wutar da ta fi ta fankoki goma. Da ƙarfe bakwai ana yin addu'ar safe a falo, a karya da burodi da ƙwai da shayi, wani lokaci da ƙosai idan mai dafa abinci ta aika an sayo, sai gidan ya zama wayam har la'asar. Nauyin gaske yana farawa ne bayan magariba, lokacin da kwamfutoci da wayoyi duka ke kan caji, kowa yana neman kusurwar da intanet ta fi ƙarfi don ya yi magana da iyalinsa, musamman 'yan Amurka waɗanda darenmu yake tsakar ranarsu.

An yanke cewa butar lantarki da dutsen guga da na'urar busar da gashi ba za su hau sabuwar wutar ba. Ruwan zafi zai koma kan gas. Haka kuma za a manna takarda a kowane ɗaki cewa wutar ƙasar nan bolt 220 ce, tun da a makon jiya wata malamar jinya ta jona abin aski na bolt 110 da ta zo da shi daga gida, ya yi hayaƙi nan take, ta fito da gudu tana zaton gidan ne ya kama.

Mai dafa abincinmu, wadda kowa ke kira Inna, ta nemi a ba firji muhimmanci sama da komai, kuma tana da gaskiya. Cikin baƙo ba ya ɗaukar abin da namu ke ɗauka. Salak da tumatir sai ta jiƙa su a ruwan da aka ɗiga jabel, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, na wasu mintuna sannan ta ɗauraye da tataccen ruwa, nama kuwa ba ya kwana a waje ko da sanyi ake yi. Duk da haka da wuya baƙo ya cika mako biyu bai kwanta da ciwon ciki ba, yawanci bayan ya ci wani abu a bakin hanya bai gaya wa kowa ba.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Injiniyan da aka turo mana daga Kanada ya iso, dattijo ne wanda ya yi ritaya, mai haƙuri da son aiki, kuma zai yi wata uku. Tun zamanmu na farko muka saɓa a kan batir. Shi yana so a yi odar batirin litiyam daga Turai tare da na'urar da za a riƙa duba ta ta intanet, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: batirin dalma mai ruwa ba ya son zafi, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana iya rage rabin rayuwarsa, ba a kuma so a zuƙe fiye da rabin cajinsa, alhali na litiyam yana jure zuƙa mai zurfi kuma yana daɗewa. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da na sa a gabansa shi ne ɗakin ajiyarmu. Na buɗe masa ya ga injin wanki da wata ƙungiya ta kawo wanda ya tsaya saboda ƙaramin allon lantarki da babu shi a kasuwar Maradi, da matatar ruwa mai fitila wadda fitilarta ta mutu, da injin burodi da ba a taɓa samun fulawar da yake so ba. Kowanne an kawo shi da kyakkyawar niyya, kowanne ya yi aiki muddin wanda ya kawo shi yana nan. Baƙo yana zuwa da ranar komawarsa a rubuce a tikiti, gidan kuwa yana nan tare da mu da mai gyaran wutar unguwa, wanda ya san batirin ruwa ciki da waje, ya san inda ake samun ruwan batir da fis da kan waya, amma bai taɓa buɗe na litiyam ba. Mai gyaran, da aka tambaye shi, cewa ya yi: “Maigida, abin da zan iya tashi da dare in gyara shi za ku saya, in ba haka ba ku ajiye kuɗin jirgin da zai dawo da Bature.”

Injiniyan ya yi dariya, ya kwana yana lissafi, da safe ya kawo shawarar da aka tsaya a kai. Za a sayi batiran ruwa masu tsayi irin waɗanda suka cika kasuwar Kano, amma a zaɓi inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, wadda za ta karɓi litiyam nan gaba idan ya wadata a nan. Batiran kuma ba za su zauna a ƙarƙashin kwano ba. Za a gina musu ɗan ɗaki na tubalin ƙasa mai kaurin bango a inuwar dogon yaro, da tagogi sama da ƙasa, saboda suna fitar da iskar da ke kama wuta idan suna caji.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Sayayya ta tsaya. Canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka yi a Najeriya ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, 'yan canji a nan ba su da sababbi, dillalin Kano ba ya karɓar tsofaffi, tura kuɗi ta waya kuma yana maƙalewa. Ga zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga wata. Mun ba wani ɗan kasuwa da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya sefa a hannu, zai kawo kayan idan ƙura ta lafa. Kafin nan an fara haƙa ramin ƙafafun hasumiya.

Litinin, 13 ga Maris

Batira da faifan rana, wato allunan da ke mai da hasken rana wuta, sun iso lafiya, an kuma zuba kankaren hasumiya da simintin Malbaza. Maƙerin walda ya ɗaga ƙarfen tsawon mita shida, wanda zai ba da matsin da ya isa shawa ba tare da inji ba.

A makon nan wata ƙungiyar matasa daga wata majami'a a Amurka ta sauka na kwana goma, kuma suka nemi su yi aikin ginin ɗakin batir da hannunsu. Wannan buƙata tana zuwa kusan duk shekara, kuma tana da wuyar amsawa, domin zuciyarsu ɗaya suke nema, sun tara kuɗin tafiyar ne da wankin mota da sayar da biskit a ƙasarsu, amma kowane tubalin da suka ɗauka lada ne aka cire daga hannun leburan da ke jiran aikin ya ciyar da gidansa a wannan rani. Maginin kuma ba zai faɗa ba, sai dai ya rushe layin da ya karkace bayan sun tafi cin abinci. Abin da muka yi shi ne an bar leburori a kan aikinsu da kuɗinsu cikakke, matasan kuma aka ba su wankin gidajen sauro da fentin ɗakuna da kankare tsatsar gadaje, aikin da babu kasafinsa kuma da ba don su ba da ba a yi shi ba. Biyu daga cikinsu da suka nace aka sa su a ƙarƙashin magini a matsayin 'yan koyo, suna miƙa laka, yana yi musu faɗa kamar kowa.

Darasin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne na gaisuwa. Mai gadinmu, dattijo ne ɗan Tsibiri, ya kawo ƙara cewa yaran suna wuce shi a ƙofa da ɗaga hannu kawai. Na tara su na bayyana musu cewa a nan ba a tambayar mutum mabuɗi kafin a tambaye shi kwana da gajiya da iyali, kuma ba a miƙa abu da hagu. Washegari na ji wata daga cikinsu ta tsaya ta rusuna ta ce, “Baba, ina kwana, ina gajiya?” Ya amsa da “Lafiya lau, 'yata,” ya ja ta da gaisuwa har sai da kalmominta suka ƙare, kuma tun ranar shi ke raka su kasuwar Litinin da Juma'a yana hana a tsuga musu kuɗi. A kasuwar ma sai da aka zaunar da su a kan lissafi, tun da mai tumatir da dala take ƙirga, idan ta ce ashirin tana nufin sefa 100, su kuwa sai su tsaya suna laluben kuɗin da bai kai ba. 'Yan matan sun sayi atamfa, tela ya ɗinka musu zane da ɗankwali, wanda ya rage yawan kallon da ake yi musu a titi, ko da yake yara ba su daina bin su da kiran anasara ba.

Laraba, 29 ga Maris

An shiga azumi tun makon jiya, kuma maƙeri da magini da yawancin leburori suna azumi, saboda haka an mai da aiki daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Injiniyan ya saba da fara aiki ƙarfe takwas ya tashi biyar, amma kwana biyu a kan rufin kwano sun isa su sauya masa ra'ayi. An roƙi baƙi su riƙa cin abinci da shan ruwa a cikin falo, kada su yi a gaban ma'aikata, kuma babu wanda ya yi gardama. Inna, wadda Kirista ce, takan dama kunu da yawa da yamma a ba masu gadi da maƙwabta.

An kafa faifan a kan ƙarfe suna fuskantar kudu da ɗan karkata kaɗan, daidai da matsayin Maradi a kusan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. An bar tazarar hannu tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, saboda faifan rana yana rage ƙarfi idan ya yi zafi, abin da ke ba mutane mamaki idan aka gaya musu. An kuma yi tsani na dindindin, domin ƙurar mako ɗaya tana rage wuta ƙwarai, kuma faifan da ba a iya hawa a goge ba za a goge shi ba.

Laraba, 12 ga Afrilu

An kunna wutar ranar Asabar, jajiberin Ista, kuma ta ɗauki gidan dare biyu a jere ba tare da janareto ba. Tanki ya cika, ruwa yana sauka. Sai dai da rana ruwan tankin yana fitowa da zafin da ba a iya wanka da shi, don haka za a yi masa rumfar zana, kuma an dawo da randuna biyu a baranda, waɗanda baƙi suka fi so yanzu fiye da ruwan firji.

Rayuwar gidan ta koma ta bazara. Babu mai iya kwana a ɗaki kafin tsakar dare, saboda bango yana mayar da zafin da ya sha da rana, don haka an fitar da gadaje tsakar gida, maza a gefe ɗaya, mata a bayan katanga. Wasu suna jiƙa zanen gado su lulluɓa a ƙarƙashin fanka. Na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa tana taimakawa sosai a wannan busasshen zafi, kuma wutar da take ci kaɗan ce, shi ya sa muka bar ta a kan batir muka hana na'urar sanyi mai gas. Wani ɗalibin likita ɗan Jamus ya fita gudun motsa jiki da hantsi, ya dawo jiri na ɗibarsa, Inna ta haɗa masa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, tana cewa, “Likita, ranar nan ba ta san karatu ba.” Masu shan doksisaikilin don rigakafin zazzaɓi sun fi kowa ƙonewa, saboda maganin yana sa fata ta kasa jure rana.

Litinin, 24 ga Afrilu

An yi sallar azumi, ma'aikata sun kawo wa baƙi abincin salla, baƙin kuma sun zaga gaisuwa a unguwa cikin sababbin ɗinkuna. Injiniyan zai tafi ƙarshen mako. Kwanakinsa na ƙarshe bai taɓa waya ba. Ya zauna a kujera yana kashe wani abu da gangan, mai gyaran unguwa da yaronsa suna neman inda matsalar take. An rubuta littafin kula da wutar da Hausa da Faransanci, an zana hoton kowane makunni, an rataye shi a ɗakin batir: duba ruwan batir duk mako biyu, goge faifai da sassafe kafin su yi zafi, kada a ƙara ruwan famfo ko asid. Ya bar mana na'urar awon wuta da akwatin kayan aikinsa.

Litinin, 5 ga Yuni

Tun da sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ya yi tsada, kabu-kabu ya ƙara kuɗi, kuma baƙin da ke zuwa aiki a kan babur sun fara ƙorafi. Janaretonmu bai tashi ba sai sau ɗaya don gwaji.

Iska ta juya, laima ta shigo, kuma na'urorin sanyaya iska masu ruwa sun daina amfani, domin ba sa sanyaya iskar da ta riga ta jiƙe. Wannan ne lokacin da ya fi wahalar da baƙi, ya fi Afrilu, ƙuraje suna feso musu a wuya da baya, haƙuri yana ƙarewa, ƙananan maganganu a kan wanda ya shanye ruwan sanyi bai mayar ba suna zama manya. Hadarin farko ya taso da jan bango na ƙura daga gabas, ya ɗauke rumfar tanki, amma faifai ba su motsa ba. An sake rumfar da ƙarfe. Mai gyara ya lura cewa wutar tsakar rana ta ɗan ragu, dalili kuwa shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu, faifan kuma kudu suke kallo. Ragin bai kai a sauya komai ba.

Litinin, 10 ga Yuli

Damina ta kankama. An mai da gadaje ciki, an sake ragar tagogi uku, an haƙa lambatu don ruwan da ke zuba daga tanki kada ya kwanta ya tara sauro. Dokar gida ita ce duk baƙon da ya ji zazzaɓi a yi masa gwajin jini a ranar, kada ya jira ya ga ko mura ce, kuma ana tuna wa masu tafiya cewa maganin rigakafi ba ya ƙarewa a filin jirgi: mai doksisaikilin zai ci gaba mako huɗu, mai Malarone kwana bakwai.

Baƙin wannan wata ɗaliban aikin gona ne, sun zo ganin sassaben zamani, dabarar barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake toho a gona ana rage musu rassa, wadda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya fara yaɗawa tare da manoman Maradi a 1983. Suna fita da sassafe su dawo da laka har gwiwa, kuma su ne baƙin da suka fi cin tuwon hatsi da miyar kuka ba tare da an lallashe su ba. Kwana uku na hadari a jere sun sauke batir ƙasa da yadda ake so, sai muka kashe injin ruwa da dare muka mai da shi tsakar rana.

Juma'a, 4 ga Agusta

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki, kuma ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi a taronta na Abuja, aka rufe iyaka. A farkon makon nan Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, kuma yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa yake sha. Unguwa tana yin sa'o'i masu yawa a duhu.

Gari lafiya yake, kasuwa tana ci, amma wayoyin baƙi ba su huta ba, iyaye da majami'u da ofisoshin jakadanci kowa yana cewa a fito. Faransa ta fara kwashe mutane da jirgi daga Yamai ranar 1 ga Agusta. Mun zauna a falo, kowa ya faɗi abin da ƙungiyarsa ta umarta, aka haɗa masu tafiya a mota ɗaya da asuba, da ruwa da burodi da dafaffen ƙwai. Wasu sun yi kuka, suna jin kamar gudu suke yi su bar mutane, Baba mai gadi kuwa ya ce musu su gaida gida, Allah ya sa a sake saduwa. Ma'aurata biyu da suka daɗe a ƙasar sun zauna. Jiya, ranar samun 'yancin kai da dashen itace, mun dasa dogon yaro biyu a yammacin ɗakin batir kamar yadda aka tsara tun Maris.

Litinin, 11 ga Satumba

An buɗe sararin samaniya ga jiragen fasinja ranar 4 ga wata bayan rufe shi tun 6 ga Agusta, amma ƙungiyoyin da suka yi rajistar Oktoba da Nuwamba duka sun ɗage zuwansu. Ɗakuna huɗu a rufe suke. Da yake kuɗin kwanan baƙi ne ke biyan albashin Inna da masu gadi da mai wanki, kwamiti ya amince a buɗe gidan ga fastoci da ma'aikatan lafiya na ƙasa masu zuwa taro, a kan farashi mai sauƙi, a kuma rage kwanakin aiki maimakon a sallami kowa.

Wutar da aka auna don ɗakuna shida yanzu ta yi wa gidan yawa, saboda haka an ja waya zuwa zaure an sa wurin cajin waya ga maƙwabta daga hantsi zuwa la'asar, kuma an ware sashe ɗaya na cikin firji ga masu ciwon sukari na unguwa da ke ajiye allurarsu, kowa da sunansa a jikin leda. Fis ɗin inbata ya ƙone sau ɗaya bayan tsawa, mai gyara ya samo irinsa a kasuwa ya sa a ranar. Batir ɗaya yana shan ruwa fiye da sauran, an yi masa alama ana duba shi duk mako. Ruwan batir ya fara wuya saboda rufe iyaka, kuma injiniyan ya aiko da zanen ƙaramar matata mai aiki da zafin rana, ta gilashi da faranti, wadda maƙeri ya ce zai iya haɗawa. Abin da ya rage a kasafin bana shi ne sandar kariyar tsawa a kan hasumiya, da wanke tanki bayan damina, da sauya tsofaffin fankoki biyu na ɗakunan gabas. Maƙeri zai zo auna sandar ranar Alhamis.